Matar da Ba Ta Cin Abinci

"Ɗaga ɗayan ma in gani," in ji likitan.

Yaya ta naɗe hannun rigarta na hagu, ta miƙa masa tana kallon bango. Ba sai ta duba ba, ta san abin da ke wurin: jajayen tabo masu kauri, da farin ɓawo a kai kamar busasshen kumfar sabulu. Daga gwiwar hannu abin ya faro bara, ya yi ta gangarowa a hankali, yanzu ya iso bayan hannu da gindin yatsu, inda babu rigar da za ta rufa mata asiri. Ba ƙaiƙayin ne ya kawo ta asibiti ba, ƙaiƙayi ta iya haƙuri da shi. Abin da ya kawo ta shi ne maganar da Madam, mai gidan abincin da take wa aiki, ta yaɓa mata jiya a gaban ma'aikata, wai ba za ta sake tsayawa a murhu ba sai hannun ya warke.

Ita da ta riƙe murhun nan tun wurin yana ɗan shago mai benci ɗaya. Sunan Yaya ma a can ta samo shi, har Madam ɗin da shi take kiranta.

"Abu na farko, Mama, ba ya yaɗuwa," in ji likitan. "Ko wuni mutum ya yi riƙe da hannunki ba zai ɗauka ba."

"To ka zo ka faɗa wa uwar ɗakina."

Ya yi ɗan murmushi, ya juya ga kwamfutarsa. Yaro ne, da ƙyar in ya girmi ɗanta na fari. Ya ambaci sunan ciwon, wani dogon suna da ya shige ta kunnen dama ya fice ta hagu.

"Abu na biyu, gwajin jininki ya fito. Kitsen da ke yawo a jini, wanda muke kira kolestarol, naki ya yi yawa sosai. Me kike yawan ci?"

"Ni? Ai ni ba na cin abinci."

Ya ɗago ya dube ta, daga fuska zuwa kujerar da ta cika dam, ya mayar da idonsa kan kwamfuta. Kallon bai wuce ƙiftawar ido ba, amma ta gan shi, kuma ya ƙona mata rai.

"Wannan jikin da kake kallo gado ne, Likita. Haka uwata take, haka kakata."

"Ban ce komai ba, Mama. Da safe me kike karyawa da shi?"

"Ruwan shayi. Ko burodi ba na haɗawa."

"Da rana?"

"Da rana wa ya ga ta zama? Mai girki nake, lokacin nan kaina ma ban san inda yake ba."

"Da yamma fa?"

"In na koma gida ko ƙamshin abinci ba na so. Ruwa nake sha in nemi wurin kwanciya. Ka tambayi maigidana, har faɗa muke yi a kan haka."

Likitan ya aje biro, ya gyara zama irin na wanda ya saba jin wannan labarin.

"Bari in yi miki bayani. A jikin kowa akwai ƙwayoyin garkuwa, masu gadi ke nan, in cuta ta shigo su taru su yaƙe ta. To naki sun rikice, fatarki suke kai wa hari ba ta yi musu komai ba. Ita kuma fatar sai ta yi ta sabunta kanta da gaggawa, sabuwa na turo tsohuwa, shi ne wannan ɓawon da kike gani. Ba abinci ne ya fara kawo shi ba, yawanci yana cikin halittar mutum. Amma in maiƙo ya yi yawa a jiki, masu gadin nan suna ƙara zafin kai, kumburin sai ya ƙi kwanciya. Ke mai girki ce, kin san abin da wuta take yi in mai ya ɗiga mata."

"Na san abin da wuta take yi. Abin da ban sani ba shi ne ta ina man yake shiga, tunda dai ba ta bakina ba ne."

Likitan ya jawo takarda. Ya rubuta mata man shafawa da ƙwayar rage kitse, ya ce ta rage soye-soye da kitsen nama da fatar kaza da man shanu da kayan zaƙi, ta ƙara wake da ganye da kifi. Ya ce ba a rana ɗaya za ta ga canji ba, kuma maganin shi kaɗai ba zai yi aikin duka ba.

"In rage me?" in ji ta. "Ana rage babu?"

Amma ya riga ya danna ƙararrawar kiran na gaba. Ta karɓi maganin a tagar ba da magani, ta haɗiye ƙwaya ɗaya da ruwan da ke jakarta don kada a ce ta ƙi, ta fito tana huci.

A bas ta sami wurin tsayuwa kawai. Tana kama ƙarfen sama hannun riga ya zame, wata mata da ke zaune ta dubi hannun, ta janye 'yarta ta mayar da ita ɗaya cinyar. Wani dattijo a baya ya leƙo ya ce wannan ai ƙazuwa ce, ya san mai magani. Wani ya ce a'a, jini ne ya ɓaci. Kafin bas ɗin ya kai shataletale an rubuta mata magani kala-kala, ba wanda ta tambaya. Ta sauke hannun, ta gwammace jijjigar mota ta yi ta wurgi da ita.

Wayarta ta yi ƙara. Maigidanta ne, direban babbar mota, mutumin da duk inda ya ga kasko a bakin hanya sai ya taka birki, amma fatarsa sumul kamar ta jariri.

"Me likitan ya ce?"

"Ya ce in rage ci."

Ya yi dariya har da tari. "Ke? Ke da na gaji da roƙonki ki zauna mu ci tare? Anya ba jinin wata suka auna ba?"

"Shi ne nake faɗa masa. Kallona ya yi kamar na saci abu."

"Rabu da shi. Ki shafa man dai, Allah ya sawwaƙe."

Ya goyi bayanta, amma ko kaɗan ba ta ji sanyi ba. In ba ta ci, kuma an ce sai ta rage kafin hannun ya kwanta, to ke nan ita da murhu sai hange daga nesa.

Da ta isa gidan abincin ta shiga ta ƙofar baya. Abin da ta fara gani shi ne Doguwa, mataimakiyarta, tsaye a gaban murhu, riƙe da cokalin. Dogon cokali ne na ƙarfe, marikinsa ya ɗan lanƙwashe saboda tsufa, kuma duk kicin ɗin an san na wane ne. Ba tukunyar da ake saukewa sai ya shiga cikinta ya je bakin Yaya. Ba ta yarda da harshen kowa ba, ta sha faɗa a fili, wai harshen Doguwa ma bai san bambancin gishiri da sukari ba sai an rubuta masa. Doguwa ta gaishe ta da ladabi, har da ɗan rusunawa, amma ba ta aje cokalin ba.

Madam ta fito daga ofis, waya a kunne, ta ɗaga mata hannu alamar ta jira.

"Ranki ya daɗe, likita ya ce ba ya yaɗuwa," in ji Yaya da ta gama.

"Na yarda, Yaya, wallahi na yarda. Amma mai cin abinci ba likita ba ne. Shekaranjiya wani ya hango hannunki ta tagar miƙa abinci, ya ture farantinsa ya tashi. In magana ta fita gari, da ni da ke duk mun zauna. Ki sa safar hannu, ki taimaka da naɗe kwalaye. In ya warke, murhu naki ne."

"In bai warke ba fa?"

Madam ta dubi wayarta, wadda ba ta yi ƙara ba, ta ce tana zuwa.

Aka aje mata kujera a bakin sito, da tarin kwalayen da ake zuba wa masu tafiya da abinci. Shugabar girki guda, ta koma naɗe kwali. Safar robar ta tara gumi, gumin ya shiga tsagar fata, ƙaiƙayi ya taso kamar ana yi da gayya, ga shi ba halin sosawa. Daga inda take tana ganin murhu sarai, wannan ma wata azaba ce. Doguwa ta cika wuta a ƙarƙashin albasa. Doguwa ta rufe tukunyar da bai kamata a rufe ba. Yaya ta yi ta haɗiye magana, tana lanƙwasa kwali da ƙarfin da bai kamace shi ba, har ta yaga guda biyu.

Hantsi ya ɗaga sosai sai ta ji wani abu ya murɗa mata ciki. Ta gyara zama, abin ya sake murɗawa. Can sai ta ji jiri-jiri. Nan take ta ɗora wa ƙwayar likita laifi. Ga shi nan, daga haɗiyar guda ɗaya yaron nan zai kashe ta. Tana cikin shirya abin da za ta faɗa masa in ta koma, cikin ya yi wata doguwar ƙara da ta ratsa ƙarar famfo.

Tsohuwar da ke wanke-wanke ta juyo, hannunta duk kumfa.

"Yaya, cikinki ne wannan? Yunwa kike ji?"

"Yunwar me? Ni ina jin yunwa ne?"

"To Allah ya ba ki haƙuri. Nawa dai in ya yi irin wannan kukan, abinci yake nema."

Yaya ta harare ta, ta ci gaba da naɗi. Amma maganar ta ƙi wucewa. Ta saurari abin da take ji da kyau, ramin da ya buɗe a ƙarƙashin ƙirjinta, da yawun da ya cika mata baki duk sanda ƙamshin suya ya bugo. Ta san shi. Rabonta da shi tun tana goyon autarta. Yunwa ce, ba wata ƙwaya, yunwa tsagwaronta. To yau me ya bambanta? Shayin da take sha kullum shi ta sha.

Ta ɗaga kai ta dubi murhu.

Doguwa ta tsoma cokali a miya ta kai baki. Ta ƙara gishiri, ta sake kaiwa. Ta juya ga kaskon kaji, fatar wata cinya ta manne ta yage, ba za ta yi kyau a faranti ba, ta ɗauke ta da yatsa biyu ta jefa a baki. Ƙwai ya fashe wajen juyawa, ta naɗe shi ta tura. Dankalin da ya yi duhu a gefen mai, ta tsame ta hura ta cinye. Ta yanko man shanu za ta sa a shinkafa, abin da ya rage a wuƙa ta lashe. Duk wannan ba ta daina magana ba, ba ta daina juya tukunya ba, ba ta ma san tana yi ba. Da za a tsare ta a tambaye ta ko ta ci wani abu yau, rantsuwa za ta yi ta ce ruwan shayi kawai.

Kuma ba a wurin kowa ta koya ba sai a wurin Yaya. Dokar Yaya ce, tun zamanin benci ɗaya: a kicin ɗinta ba a zubar da abinci, abin da bai isa faranti ba mai girki ta rufa masa asiri. Ita ta kafa, ita ta fi kowa bi, daga kunna wuta da safe har kankare ƙanzon tukunyar ƙarshe, kowace rana ta Allah, shekara da shekaru.

Ta duba sai ta ga hannunta na dama, cikin safa, ya taso ya nufi bakinta, ba komai a cikinsa.

Haushi ya turnuƙe ta. Haushin Doguwa da ke taunawa a gabanta, haushin maigidanta da dariyarsa, haushin likitan nan da ya yi gaskiya ba tare da ya san ta inda ya yi ta ba. Wanda ya fi duka ciwo shi ne ba ƙarya ta yi masa ba. Ita dai a saninta ci shi ne mutum ya zauna, a sa masa faranti a gaba. Ta danne hannun a cinya ta ɗauki wani kwalin.

Rana na take tsaka ma'aikatan ofisoshi suka ɓarke kamar kullum, ga kuma wani kamfani da ya aiko a kai masa abincin taro. Kicin ya ɗauki zafi. Masu kai abinci suna ta leƙowa ta taga suna kiran abin da aka nema, Doguwa tana amsa wa kowa da "to, to," ba abin da ke fita. Ta iya girki, ba a hana ta ba, amma ba ta taɓa riƙe wuta huɗu lokaci guda ba. Shinkafa ta fara kamawa, ƙaurin ya isa har ofis. Sai ga Madam ta shigo da sauri, ta dubi murhu, ta dubi taga, sannan ta dubi bakin sito.

"Yaya, taso don Allah. Ki tsaya ta ciki inda ba a hangowa. Kada ki cire safar."

Yaya ta so ta ce ai kwalayen ba su ƙare ba. Maganar ta zo har bakinta, da daɗinta, amma ƙaurin shinkafar ya fi ƙarfinta. Ta miƙe.

"Sauke wannan, juye ta a wata tukunyar, kada ki kankaro ƙasan. Ke, rage wutar can. Wa ya rufe min wannan? Miƙo kaskon."

Cikin ɗan lokaci kicin ya dawo hayyacinsa, faranti ya fara fita. Tana juya ƙwai ɗaya ya fashe. Hannunta ya naɗe shi ya ɗago tun kafin ta yi tunani, har ta ji tururinsa a leɓe. Ta tsaya. Cikinta ya yi kuka kamar yaron da aka ƙwace wa abu. Ta taka kwandon shara ya buɗe, ta sake shi a ciki.

Mai wanke-wanke ta kashe famfo. Doguwa ta bi ƙwan da kallo, baki buɗe.

"Yaya, ƙwai ne fa."

"Na ga ƙwai ne. Kallona aka ɗauke ku yi?"

Saura babbar tukunyar miya, ta masu taro, wadda ba ta sauka sai an ɗanɗana. Doguwa ta goge cokalin a gefen rigar aikinta, ta miƙo da hannu biyu, kanta a ƙasa. Yaya ta karɓa. Marikin ya zauna a tafinta daidai inda ya saba, duk da safar. Ta tsoma ta ɗago, mai yana ƙyalli a kai.

Likita bai hana ta ɗanɗano ba, ta sani. Cokali ɗaya ba ya kashe kowa. Amma ta san kanta, nata bai taɓa tsayawa a ɗaya ba, shi yake buɗe wa sauran hanya, balle yau da yunwa ke cin ta. Wataƙila wata rana ta koyi taɓawa da bakin harshe ta tsaya nan. Ba yau ba. Ta dubi jan da ya leƙo ta saman safar, a wuyan hannu, sannan ta juya cokalin ya kalli Doguwa.

"Buɗe bakinki."

"Ni, Yaya?"

"Akwai wata Doguwar a nan? Yi sauri, hannuna ya gaji."

Doguwa ta kurɓa, ta juya shi a baki, idonta na kan fuskar Yaya tana neman amsar a can.

"Gishiri ya ji?"

"Ina ganin ya ji."

"Kina gani, ko ya ji?"

"Ya ji."

Hancin Yaya ya ce mata da saura ɗan kaɗan. Amma hanci ba harshe ba ne, kuma ita ta tambaya aka ba ta amsa. Ta cije leɓe.

"A zuba," in ji ta. Ta miƙa wa Doguwa cokalin. "Riƙe. Daga yau hannu nawa ne, baki naki. In kika kunyata ni kuma, ni da ke ne."

Tana juyawa ta ga Madam a bakin ƙofa, ta ga kuma inda idon Madam ya sauka, a kan cokalin da ke hannun Doguwa. Yaya ta san irin wannan kallon, kallon mai wuri ne da ya gano yana da masu girki biyu. Ranta ya sosu, amma ba ta karɓe cokalin ba.

Sai da rana ta karkata cinkoson ya lafa. Yaya ta cire safar, ta wanke hannu, ta shafa man likita a hankali tana yamutsa fuska. Sannan ta ɗauko faranti daga kan kanta, irin wanda ake kai wa baƙi, ta miƙa wa Doguwa.

"Zuba min wake da ganye. Miyar kaɗan, ki ɗebo daga ƙasa, ban da man da ke sama."

Doguwa ta zuba. Yaya ta karɓa, ta tsaya a tsakiyar kicin ɗin da ta fi sani fiye da ɗakin kwananta, ta juya dama, ta juya hagu.

"Wai a ina kuke zama ku ci?"

Mai wanke-wanke ta nuna mata da haɓa. Wani benci ne a bayan sito, kusa da ƙofar baya, wanda ita duk zamanta a gidan ta ɗauka wurin aje buhu ne. Ta je ta zauna, ta ɗora farantin a cinya, ta kai cokalin farko baki.

Gishiri bai ji ba.

Ta ɗago kai, ta ja numfashi za ta ƙwala wa Doguwa kira. Sai idonta ya faɗa kan bayan hannunta, yana ƙyallin magani. Ta sauke numfashin a hankali, ta sake cika cokali.